Yadda Nomau Ya Ƙwato Allon Kafin Gauta

Bari alƙalami ya sha tawada ya ƙoshi, takarda ta gyara zama, domin za a ambaci nasabar da ba a ambatonta a tsaye: Nomau ɗan Jatau, Jatau ɗan Cindo Sarkin Iyaka, Cindo ɗan Barmo Mai Baka, Barmo wanda ya sari Kafin Gauta tun duniya tana kwance. Nomau bajimin sakatariya, gwanki sha bara, ƙi gudu sa gudu, masinjan ƙaramar hukuma mai martaba, wanda ya shekara ashirin da shida yana jigilar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, cikin haiba da izza, ba tare da ko sau ɗaya an ji cewa wani fayil ya isa inda za a yi aiki da shi ba.

Amma kafin a shiga labarin fama, wajibi ne a san daular da aka yi faman dominta. Masana tarihin Kafin Gauta, su uku ne kuma benci ɗaya suke zama a rumfar mai shayi, sun yi ittifaƙi cewa Barmo alama ya gani a sararin samaniya ya kafa gari a wannan wuri. Tsofaffin mata kuwa, waɗanda ba a tambayarsu, sun ce jakinsa ne ya kwanta ya ƙi tashi. Ta gabas garin ya jingina da Dutsen Haiba, wanda akuya ke hayewa da tsalle uku. Ta kudu akwai kududdufin da ake kira Tafki idan da baƙo a wurin. Ta yamma kwalta ta wuce ba ta ko waiwayi garin ba. Ta arewa kuwa Rafin Gauta ne, a hayinsa kuma ƙauyen Tungar Kanya, abokan gaba na gado, waɗanda rabinsu surukan mutanen gari ne, sauran rabin kawunnai da goggonni.

Yadda garin ya zama hedikwata shi ma ba a faɗarsa da ƙarfi. Manyan garuruwa biyu ne suka yi ta rigima a kan wa za a ba, hukuma ta gaji, ta danƙa wa na tsakiya wanda bai ma nema ba. Tun daga ranar Kafin Gauta ta ɗau kai ta aza a sama. Aka gina sakatariya, aka kafa tuta, aka yi shataletale a tsakiyar gari inda tumaki ke shan inuwa. Aka kuma gaji ƙa'ida ɗaya wadda ta fi kowace doka ƙarfi, wato ba a yin aiki sai domin idon baƙo. Bangon sakatariya na gaba an yi masa fenti sau tara, na baya kuwa har yau bai ga filasta ba.

To, a bakin tsohuwar hanyar arewa, dab da rafi, akwai wani allon ƙarfe kore mai ƙafa biyu, an rubuta masa da farin fenti: Barka da zuwa Kafin Gauta, Hedikwatar Ƙaramar Hukuma. Wannan allo shi ne alfaharin gari. Gaskiya ne kwalbatin da ke kan hanyar ya rufta shekara uku da suka wuce, kuma tun daga lokacin ko keke sai an ɗauke shi a ka, amma wannan ba maganar da ake yi a gaban manya ba ce. Al'ada kuma tun zamanin Barmo ita ce iyaka tana bin ruwa: duk abin da ke kudu da rafi na gari ne, na arewa na Tunga. Da damina ta yi tsakiya a shekarar da muke magana, rafi ya cika ya batse, ya raina tsohuwar hanyarsa, ya yanki sabuwa ta bayan allon, ya kuma kwantar da shi ƙasa. Gari ya waye sunan Kafin Gauta yana kwance rigingine a ƙasar Tungar Kanya. Wata tsohuwa mai suna Tasalla ta ɗora shi a kan duwatsu huɗu, ta samu wurin shanya daddawa wanda kaji ba sa kaiwa.

Wata guda aka yi babu wanda ya damu, sai ga takarda daga babban birnin jiha cewa kwamitin duba iyakoki zai iso ranar Alhamis. Nomau da kansa ya kai takardar fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya zayyana wa Hakimi irin wulaƙancin da ake yi wa sunan gari a hayi. Hakimi, wanda a lokacin yake fama da sakace, ya ce, "To Nomau, dawo da shi baƙi su gani, sai mu duba maganar sarautar kakanka."

A nan ne mai karatu zai san abin da ke cin zuciyar wannan gwarzo. Sarautar Sarkin Iyaka ta mutu tare da Cindo, ba a sake naɗa kowa ba, Nomau kuwa ya tashi yana ganin kansa a cikinta. A Kafin Gauta wanda za a naɗa shi ke zuwa da rawaninsa, don fada ba ta bayarwa. Saboda haka shekara bakwai ke nan da ya sayi farar harsa mai laushi ta rawani, ya ninke ta a ƙasan adaka da kafur, duk sallah ya fiddo ta ya shafa ya mayar. Ba ya son kome a duniya kamar ya ji an kira shi da sunan kakansa kafin ya mutu.

Ranar Laraba da sassafe runduna ta yi shiri. A ɓangaren dama akwai Kallamu wanzami, rataye da zabirarsa, mutumin da bai taɓa barin taro ya wuce shi ba. A ɓangaren hagu akwai Ɗangoggo mai baro, wanda kukan tayar baronsa ya wadatar da su daga neman tambari. Amirul jaishi Nomau, jagoran runduna, da kansa ya sa rawanin a jakar fayil, domin niyyarsa daga fagen fama sai fada. Matarsa Ladingo ta dube shi daga bakin murhu ta ce, "Malam, allo za ka ɗauko ko amarya?" Ya saɓa jakarsa ya fice, don manyan mazaje ba sa amsa wa mata ranar fita.

Suka ratsa kasuwa, suka zagaya shataletale sau ɗaya kamar yadda doka ta tanada, suka bi ta bayan makarantar firamare, suka gangara, har suka tsaya a gaɓar rafin nan mai ban tsoro, wanda a ranar ruwansa ya kai idon sawu. Nomau ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaga takalminsa sama, ya yi kururuwar da tarihi ya adana: "Kafin Gauta ba ta kwana a Tunga!" Runduna ta afka ruwa, ta haye ba a rasa rai ko ɗaya ba.

A hayi suka iske rundunar maƙiya a shirye, wato Tasalla ita kaɗai a kan kujerar tsugunno, tana korar ƙuda da reshen dalbejiya. Ita kuwa ƙanwar Jatau ce, an kai ta Tunga aure shekara arba'in da suka shige, kuma ita ta goyi Nomau a bayanta.

"Wa nake ji kamar Nomau?" in ji ta. "Kai da wa kake wannan ihu da sanyin safiya? Ka karya kuwa?"

Nomau ya durƙusa, don ba yadda zai yi. "Goggo, ina kwana. Allon hukuma muka zo ɗauka."

"To ɗan nan, ɗauki abinka mana, wa ya riƙe ka? Amma ka ga shanya ce a kai. Bari ta bushe."

Nan yaƙi ya tsaya cik. Domin a gari da Tunga duka, namiji ba ya kwashe shanyar mace, kuma duk wanda ya kuskura sai mata sun saka sunansa a waƙar daka, jikokinsa ma su gada. Nomau ya auna, ya ga ba zai shiga sarauta da waƙa a bayansa ba, sai ya ba da umarnin a yi wa maƙiya ƙawanya. Runduna ta yi sansani a gindin kanya, ta zuba wa daddawa ido. Rana kuwa, kamar da gayya, ta shige cikin gajimare ta ƙi fitowa. Wadda aka yi wa ƙawanya ta ji tausayin masu ƙawanyar, ta kawo musu ɗumame da man shanu, suka cinye har da suɗe kwano, ba tare da sun sassauta ƙawanyar ba.

Da azahar fitina ta ɓulla a cikin sansani. Kallamu ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "Malam Nomau, na ji an ce za a shafa wa duwatsun bakin kwalta farar ƙasa. Bari in leƙa in dawo." Bai dawo ba. Nomau ya bi bayansa da kallon raini, ya shaida wa Ɗangoggo cewa tarihi ba zai manta da matsorata ba.

Sai da la'asar ta yi sakaliya Goggo Tasalla ta taɓa daddawarta, ta ce ta yi, ta kwashe a ƙwarya. Aka ɗora ganima a baro, baro ya yi taku biyu ya nutse a yashi, tayarsa ta fice. Ba sauran dabara sai ɗauka a ka, allon kuwa ƙarfe ne mai tsatsa da kaifin baki. Tsohuwar ta miƙo tsummanta ta ce, "Ungo, yi gammo, kada ka fasa kai." Amma jinin Barmo ya motsa. "Jikan Cindo ba ya ɗaukar sunan gari da tsumman Tunga," in ji Nomau. Ya buɗe jakar fayil, ya zaro harsar nan ta shekara bakwai, ƙamshin kafur ya tashi, ya murɗe ta ya yi gammo.

Wane alƙalami ne zai iya siffanta wannan ƙetarawa, yadda sadauki ya shiga ruwa da hedikwatar ƙaramar hukuma a kansa, yadda iskar hadari ta taso daga gabas ta kama allon ta juya shi, shi ma ya juya tare da shi sau biyu, yadda Ɗangoggo ya yi ta kiran "Riƙe, Malam, riƙe," daga nesa inda ƙarfe ba zai same shi ba, da yadda a ƙarshe gwarzo da allo da rawani suka zauna tare a cikin taɓo? Ya tashi, ya sake ɗauka, ya haye. Rawanin ya sha tsatsa da laka da maiƙon daddawa, bakin ƙarfe kuma ya raba shi biyu. Da aka zo kafawa aka ga ƙafar allon ɗaya ta karye, Nomau ya sa mata itace, ya ɗaure da rabin rawanin. Ya koma gida yana ɗingishi, zuciyarsa fari ƙal, yana cewa harsa ai ana sayen wata, suna ne ba a saye.

Ranar Alhamis tun da sassafe ya sa babbar riga ya tsaya a gindin allon, domin baƙi su ga aiki su ga mai aikin. Hantsi ya yi, rana ta take. Can sai ya jiyo jiniya da kalangu daga nesa, ta wajen yamma. Goggo Tasalla, wadda ta zo ɗibar ruwa a hayi, ta ɗaga murya ta ce, "Wai Nomau, ta ina kake so motar ta biyo? Kwalbatin nan fa shekararsa uku a ƙasa." Nomau ya juya ya dubi ramin da ya sani sarai, wanda shi da kansa ya kai fayil ɗin gyaransa ofis huɗu. Kunya ta rufe shi.

Baƙi ta kwalta suka shigo, kamar yadda kowace mota ke shigowa. Suka ga duwatsu farare tas a jere, suka yaba da tsaftar gari, suka ci kaji, suka ce za a yi nazarin iyaka, suka juya kafin la'asar. Da yamma Nomau ya je fada ya faɗi, ya soma bayanin fama tun daga gaɓar rafi. Hakimi ya katse shi ya ce, "Nomau, kai ɗan gari ne, ka san ƙa'ida. Abin da baƙo bai gani ba, ba a yi shi ba." Ranar Juma'a bayan an sauko aka naɗa Kallamu wanzami Sarkin Iyakar Kafin Gauta, saboda hidimar farar ƙasa.

Allon yana nan tsaye har yau, yana yi wa awakin Tunga barka da zuwa. Ɗaya rabin rawanin kuwa Ladingo ta wanke shi sau uku da toka, ta dube shi a rana, ta ga saƙarsa ta yi daidai, ta mayar da shi matacin koko. Kullum da safe idan ta ajiye wa maigidan kofinsa takan ce, "Malam, rawanin nan naka bai yi asara ba, ko ƙwayar dusa ba ta wucewa." Nomau ɗan Jatau ɗan Cindo yakan ɗauka ya hura, ya sha, ya tafi kai fayil.