Teburin da Ba Ya Fita ta Ƙofa

"…Lafiya lau na kwana, har sai da na ga fuskarki."

"Ni ma dole ce ta hawo da ni, tsoho. Wa zai yi sammakon ganin ango mai haƙori ɗaya?"

Mahaifina ke nan da 'yata ta fari. Ina bayansu a kan matattakala riƙe da tsintsiya, domin ni suka ɗauko shaida. Ɗakin saman benen shagon ɗinkin Baba ne, ya kulle shi tun da idonsa ya yi rauni, makullin kuma na rataye a wuyansa da tsohon tef ɗin awo. Wani mai sayar da tayal ya nemi wurin zai mayar da shi sito, Baba ya ce zai yi shawara. Ita kuwa yarinyar so take ta riga shi.

Ya buɗe ƙofar. Hasken safiya ya kwanta a kan dogon teburin yanka da ya cinye rabin ɗakin.

"To amarya, sake faɗa min. Me za ki sayar a nan?"

"Wurin zama."

"Wurin zama! Mu da muke ba baƙo kujera kyauta har da ruwan sha, ke sayarwa za ki yi? Kai," ya juyo gare ni, "a ina ka samo wannan marowaciyar?"

"Gado na yi," in ji ta. "Ba kai ne kake ɓoye alawa a aljihun da ka ɗinka cikin hula ba? Saurara. Akwai mutanen da ofishinsu na cikin jakarsu: mai zanen gidaje, mai fassara, mai ɗaukar hoto. Kwamfuta suke da ita, wurin ajiye ta ne babu. Sai su yi rajista da ni. Wani kullum zai zo, wani sai ranar da yara suka hana shi sakat a gida, wani rabin yini ya ishe shi. Ga wuta, ga intanet, ga shayi."

"Wato marasa wurin zuwa za ki tara min a ka."

"Kai ne shugabansu ai. Ina kake zuwa?"

Ta wuce tsakiyar ɗakin tana nuni da hannu kamar mai ganin abin da mu ba ma gani.

"Nan tukwanen fure. Can labule mai ruwan ganye, iska na kaɗa shi. Wancan lungun na masu waya ne, don kada su dami kowa. Da hantsi za ka ji ɗakin shiru, sai ƙarar yatsu a kan madannai, kamar yayyafi a rufin kwano."

"Haka kekunan ɗinki suke yi," in ji Baba a hankali. "In duk suka ɗauka tare, har bene rawa yake." Sai ya farga, ya gyara murya. "Amma mu muna hira! Ke kurame za ki jera, kowa da toshe a kunne."

"Gara su da kai, da ba ka toshe komai ba kuma ba ka ji."

"Na ji ki sarai. Wannan fa?" Ya ɗora tafinsa a kan teburin.

A nan na ajiye tsintsiya. Na san tarihin teburin: a cikin ɗakin kafinta ya haɗa shi, ya fi ƙofar faɗi, ba ya fita sai da zarto. Mai tayal ya riga ya ce zai turo a yanka shi. Ita ma a zanen da ta nuna min, ƙananan tebura ne a jere, babu shi.

Ta dubi teburin. Ta shafa gefen da almakashi ya cinye, ta ja wani kwali ta zauna, ta jingina gwiwar hannu kamar mai bugun rubutu.

"Tsayinsa daidai ne," ta ce. "Mutum nawa yake ɗauka?"

"Ya danganta da faɗinsu. Irinki, biyu."

"Allah ya isa! To yana nan. A nan za su zauna kafaɗa da kafaɗa, mai zane ya san mai hoto, aiki ya haifi aiki. Abu ɗaya ne zan fitar, wani tsohon kaya mai yawan surutu."

"Shi ma ba ya fita ta ƙofa. Kujerar bakin taga tawa ce, kullum."

"Sai ka yi rajista."

"Ni? A ɗakina?"

"Doka ce, ango. Da me za ka biya?"

Ya kamo bakin hannun rigarta, ya laluba da babban yatsa.

"Maɓallin nan ya kusa faɗuwa. Mutanen naki masu yawo da jaka, haka za su je gaban manya da maɓalli na lilo? Ke ki zura min zare, ni in ɗinke. Wannan ko ido rufe ina yi."

"An karɓe ka. Amma ban da barci da minshari."

Baba ya yi dariya har haƙorin nan ɗaya ya fito. Ya cire tef ɗin da makullinsa daga wuyansa, ya rataya mata.

"Ga sadakinki, mummuna. Kai kuma, sauka ka gaya wa mai tayal matata ta hana."

Na miƙa mata tsintsiyar, na sauka.