Bindiga Mai Baki Biyu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaisuwar surukai a Malikanchi ba, ranar da bakina ya kusa raba ni da Ramatu.

Bari in fara gaya muku ciwona. Ni malamin makaranta ne a Ikara, kuma Allah ya jarabce ni da son tsofaffin kaya. Akwai wani guruf da muke da shi a waya, ba mu da aiki sai wani ya turo hoton tsohon ƙarfe ya ce mene ne wannan, mu kuma mu yi ta musu har a gano. Sikelin auduga ne, fitilar ma'aikatan jirgin ƙasa ce, duk ni ne sarkin zumuɗi a wurin. In na ga hoto ban faɗi sunan abin ba, maƙogwarona ƙaiƙayi yake yi. (Ramatu ta ce da gidanmu zai kama da wuta, sai na tsaya na faɗi shekarun bokitin kafin in ɗebo ruwa.)

Mahaifin Ramatu ya rasu tun tana ƙarama, saboda haka aurenta yana hannun ƙaninsa, Baffa Jibo. Fulanin gida ne, noma da 'yan shanu. In Baffa ya ce a'a, magana ta ƙare, kuma ya taɓa sallamar wani da ya zo neman yayarta don kawai ya katse shi yana magana. Ana jibi za mu je ta kira ni.

"Don Allah ka sunkuyar da kai ka yi shiru," in ji ta. "Ka bar Sabo ya yi magana, ai don haka ake zuwa da aboki. In Baffa ya ɗauko hoto, ka ce Allah ya jiƙan maza, shi ke nan."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ko tambayar wane hoto ban yi ba.

Sabo abokina ne tun firamare a Makarfi, ya san halina sarai. A kan mashin duk ramin da muka faɗa sai ya waiwayo ya ce, "Ka dai tuna, yau kai bebe ne."

Kuma wallahi da farko na yi ƙoƙari. Muka tuɓe takalma a ƙofar zaure, muka durƙusa gaban Baffa da wasu dattawa. Ya hanya, ya damina, ya mutanen Makarfi, Sabo yana amsawa, ni ina kallon tabarma kamar mutumin kirki. Aka kawo fura na ɗan kurɓa na ajiye, alhali yunwa nake ji. Har na ga wani dattijo yana gyaɗa kai, na ce a raina yau na ci jarrabawa.

Sai Baffa ya miƙe ya sauko da wani hoto daga bango, ya goge gilashin da hannun riga.

"Wannan shi ne mahaifinmu, kakan yarinyar da kuke nema," ya ce. "Soja ake ce masa har ya koma ga Allah. Ga shi nan a yaƙin Bama, ga bindigarsa mai baki biyu. Ta sama ake zuba harsashi, a juya hannun nan."

Hoto ya bi hannu hannu, kowa yana cewa Allah ya jiƙan maza. Sabo ya faɗa, ya miƙo mini, ya haɗa da mintsini a cinya.

Hoton ya dushe, amma ana ganin wani saurayi dogo cikin kaki da gajeren wando. Kusa da shi ga wani ƙarfe a kan tebur: babban kwano a sama, hannun juyawa a gefe, bututu biyu sun leƙo gaba. Ina gani na san shi. Ba a daɗe ba wani ya turo irinsa a guruf, ya tsinto a tsohon siton ma'aikatan dabbobi, muka sha musu a kai kafin a gano. Na buɗe baki da niyyar yin addu'ar da aka koya mini, Allah ne shaidata.

"Ai Baffa wannan ba bindiga ba ce," na ji bakina yana faɗa. "Injin cire mai ne daga madara."

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Ina! Malamin ya riga ya tashi. Na ɗaga hoton ina nunawa da yatsa: nan ake zuba madara, a juya nan, mai ya fita ta wannan bututu, ruwan madarar ya bi ta wancan. Sabo yana taka mini ƙafa, ni ina matsawa don in ji daɗin bayani. Da na kai ƙarshe na dubi dattawan nan, masu furfura, waɗanda na zo roƙon 'yarsu, na rufe da abin da nake rufe kowane darasi da shi.

"Kun gane ko?"

A lokacin ne hankalina ya dawo jikina, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baffa ya miƙo hannu ya karɓi hotonsa, ya kifa shi a cinyarsa. Daga baya na ji cewa yana ɗan ƙarami uban ya rasu, wannan hoton da wannan labarin su ne duk abin da ya sani game da shi. Ni kuma na zo daga Makarfi da ƙwaryar furarsa a gabana na ƙwace masa.

"Malam ya gama darasi?" ya tambayi Sabo, ko kallona bai yi ba. "To madalla. Ku gaida mutanen gida."

Kowa ya san ma'anar wannan. Sabo ya fara laluben makullin mashin, ni kuwa tunanin da nake yi shi ne da wane baki zan gaya wa Ramatu.

Sai muka ji murya daga bayan zanar da ta raba zaure da cikin gida. "Wane ne yake zancen injin madara?"

Inna ce, mahaifiyar Baffa, kakar Ramatu. Ta shigo a hankali tana dogara sanda, dattawa suka matsa mata. Ta tsaya a kaina ta ƙare mini kallo.

"Kai ne sabon mijin nawa? An ce mini kamili za a kawo, ashe rediyo ne." Ta zauna, ta karɓi hoton ta ɗora a cinya. "Idona ya tafi, amma wannan ba sai na gani ba. A gindin tsamiya Turawa suka kafa shi, kullum da safe mu kai madara, wancan mutumin yana juyawa." (Ba ta faɗi sunan mijinta ba, ba a taɓa jin ta faɗa ba.) "Kakin ma su suka ba shi. Mu 'yan mata muka sa masa Soja don tsokana, kuma ni na fara. Ko Kano bai taɓa wucewa ba."

Baffa ya dube ta. "Inna, shekara da shekaru ina faɗar wannan labari kina ji."

"To in zaunar da ɗana in gaya masa inda ubansa ya fara tare ni da zance? Ni ina da kunya, Jibo. Na ga labarin yana yi maka daɗi na bar ka. Yau Allah ya kawo marar kunya ya hutar da ni."

Dattawa suka yi dariya ƙasa-ƙasa, amma Baffa bai yi ba, kuma shi ne mai magana. Inna ta shafa gefen hoton da yatsa ta ce, "Ranar ma ina wurin. Mai ɗaukar hoton ya ce in matsa gefe, na matsa, amma ban yi nisa ba."

Wannan karon na raɗa wa Sabo, shi ya nema mini izini. Na ɗauki hoton da wayata, na buɗa gefen da ta shafa har ya cika fuskar wayar. Abin da kowa ya ɗauka tabo ne, ashe rabin ƙwarya ce, da wani siririn hannu mai awarwaro yana riƙe da ita. Na miƙa wa Baffa da hannu biyu.

Ya daɗe yana kallo. "Inna, hannunki ne wannan?"

"Da na wa zai zama?"

Ya share ido da bakin rawani, babu wanda ya nuna ya gani. Can ya juyo gare ni. "Malam, za a iya wanke shi babba, hannun ya fito?"

Na gyaɗa kai kawai.

"Au, yanzu kuma ka zama bebe?" Ya mayar mini da wayar. "Ku turo manyanku."

Inna ta rasu bayan an yi sunan 'yarmu ta fari, wadda muka mayar wa sunanta. Allah ya jiƙanta da rahama. Ba abin da ya tilasta mata ta fito ranar, ta buɗe abin da ta rufe tun tana budurwa, don ta rufa wa wani baƙo mai surutu asiri. Duk sallar da na yi tana cikin addu'ata. Babban hoton yana nan a zaure, Baffa yana sauko da shi ga kowane baƙo kamar da, sai dai yanzu daga gefe yake farawa: "Kun ga hannun nan?"

Ni kuwa har gobe a Malikanchi ba wanda ya san sunana, Malam Kun-gane suke ce mini, har yara. Na karɓa, ni na saya da bakina. Abin da na koya shi ne, in aka miƙo mini hoto, in fara tambayar wane ne a ciki kafin in faɗi mene ne a ciki. In kuwa ƙaiƙayin ya fi ƙarfina, to in leƙa tukuna in tabbatar akwai tsohuwa a bayan zana.