Ɗakin Iya Sa'adiya a Bayan Jakuna

"...ya gajiya kuma? Ko da yake ina tsohuwa za ta samo gajiya, ita da aikinta zama."

"Kalewa, Maigida. Wushe da zuwa hannu rabbana. Miji ya shigo wa matarsa ko ɓarin goro babu, sai dogayen ƙafafu kamar na zalɓe."

To, haka suke gaisawa kullum, Iya Sa'adiya da jikanta Abdulsalami, ita tana sirka Hausarta da gaisuwar mutanen Barno. Shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Yerwa ke nan. Shi yaron ya samu aiki a tasha, yana awon buhunan gyaɗa, kuma tun rasuwar ubansa shi ke riƙe da ita. Gidanta na ƙasa a unguwar Hausari kuwa damina ta gama cinye shi, katanga ta tsage har kana hango akuyar maƙwabta tana tuƙa. Sai ya gina ɗaki biyu na bulo da rufin kwano can wajen tasha, ya sayar da tsohon gidan ga Anselm, mutumin kudu maso gabas mai sayar da kayan keke, wanda zai rushe ya yi shago. Ita da bakinta ta ce a sayar, aka yi shaidu gaban Bulama mai unguwa. Amma da tashi ya zo, sau biyu mai amalanke yana zuwa ƙofar gida yana komawa wayam. Ga shi ranar Alhamis ce, jibi Asabar masu rushewa za su zo da digarsu.

Ya tsuguna bakin ƙofar ɗakinta, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Amarya, Madu mai amalanke ya ce in ya sake zuwa a banza, ke zai ɗora ya kai Kasuwar Shanu ya fanshe wahalarsa."

"Ya kai ni. Dillalai su gan ni su manta da shanu. Ni da wani attajirin Fort Lamy ya zo nema da raƙuma arba'in."

"Raƙuman suka leƙo suka gan ki, suka juya da gudu. Har yau ana nemansu a bakin Chadi."

"Ji mara kunya. Kai da na yi wa wankan jego, kunnuwan nan kamar faifai, sai da na naɗe su kafin ka shiga kwarya."

"Na ji. Yanzu dai me ya rage? Shekaranjiya kin ce ba kya tashi ranar Talata. Jiya kin ce kazarki na kwanci."

"Yau kuma na yi tunani. Rufin kwano a ranar Barno? Gasa ni za ka yi ka sayar tsire."

"Wa zai sayi tsiren ƙashi? Ke dai ki zo ki ga gida. Kwanon nan don ƙyalli, tsuntsaye har layi suke yi su duba fuskarsu. Da safe jirgi ya wuce ya yi miki sallama. Famfo ga shi a bakin titi, ki murɗa da ɗan yatsa, kogi ya zo gaishe ki."

"Kogin da ke zuwa gaisuwa, wata rana da kwana zai zo."

"Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi."

"Kifin da ya faɗi haka a miya ya ƙare."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Kuɗin Anselm ya riga ya shiga bulo da kwano, in tsohuwa ta ƙi fita, da wane ido zai dubi Bulama? Ya leƙa cikin ɗakin. Kaya duk a ɗaure: gadon ƙarfe an kwance, tasoshi an jera cikin juna, akwati, turmi, har kabbasar da take turara zannuwa a kanta. Sawu uku na amalanke, sule huɗu huɗu, ya riga ya biya. Abu ɗaya ne ba a ɗaure ba, kaskon turarenta, yana nan a kusurwa inda yake tun kafin a haife shi.

"Ga kaya kin ɗaure da hannunki. Me aka manta?"

"Wanda ya fi nauyi."

"Ke? Ai ke a aljihu zan saka ki, in haɗa da goro."

Iya Sa'adiya ta bar zolaya ta wuce ta ba ramuwa, wannan bai taɓa gani ba. La'asar ta yi sanyi, sai ta jawo buta, ta zuba ruwa a tafin hannu, ta yayyafa wa bangon ɗakin, kamar yadda take yi kullum kafin shara. Shi a zatonsa don ƙura take yi.

Ku da kuka taso cikin siminti ba za ku san wannan ba. Bangon ƙasa yana sha, kuma ba ya mantuwa. Shekara arba'in tana kunna turaren wuta a ɗakin nan, kajiji da sandal da farce, hayaƙi yana shiga bango yana kwanciya. Da ruwa ya taɓa shi sai ya buɗe baki. Ƙamshi ya taso a hankali, ba irin na kasko mai hayaƙi ba, wani tsohon ƙamshi mai sanyi, kamar an buɗe akwatin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ta lumshe ido, ta jingina kai da bango.

"Daga Kano muka taso da ƙafa, ni da Malam kakanka, za mu Makka. Ina da cikin ubanka. Muka iso nan ƙafafuna sun kumbura, ya ce mu huta kwana bakwai. Da na haihu ya ce bari yaro ya yi ƙwari. Ya kwaɓa ƙasa da ƙafarsa, ya yi ɗakin nan, wai na wucin gadi, kafin ayari na gaba. Ayari ya zo ya wuce. Wani ya zo ya wuce. Duk alhajin da ya dawo ta nan, sai Malam ya sayi ɗan guntun sandal a hannunsa ya kawo mini, ya ce, ga Makka ta zo, kunna mu ji. Sai in kunna, mu zauna nan, shi can ni nan, yana ba ni labarin teku kamar ya taɓa gani. Wai ruwa ne har ƙarshen ido, jirgi a kai kamar ɓawon gyaɗa. Haka muka yi ta tafiya muna zaune, har ya riga ni isa inda za a je."

Ta buɗe ido.

"In na yayyafa ruwa, yana shigowa. To gaya mini, mai awon gyaɗa, wannan a sawu na nawa Madu zai ɗauka?"

Abdulsalami ya daɗe yana murza hularsa. Ya tashi ya shafa bangon, ya kankaro kaɗan da farce, ya kai hanci.

"Ashe shekara da shekaru ina cefane, wani ƙato na shigo mini gida ta bango."

"Ya fi ka kyau, ya fi ka kyauta."

"Na yarda. Amarya, ɗakinki na can ban shafe cikinsa da siminti ba tukuna, bulo ne tsirara. In aka kankare fuskar bangon nan, kaurin tafin hannu, aka kwaɓa, aka yaɓe can da ita fa?"

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kunnuwan nan ashe akwai kai a tsakaninsu."

"Sai dai bangon ba namu ba ne yanzu. Na Anselm ne."

Kamar an kira shi, sai ga sallama. Anselm ne da igiyar awo a hannu, ya zo auna inda ƙofar shago za ta zauna. Mutum ne mai fara'a, ya shekara goma a Yerwa, Hausa a bakinsa har da karin magana. Da ya ji abin da ake roƙo sai ya ƙanƙance ido.

"Ƙasar bango? Mama, gaya mini gaskiya. Tsofaffin garin nan na san ku, a bango kuke binne azurfa. In tukunya ce a ciki, na saya da gida."

"Akwai dukiya," in ji Iya. "Matso in nuna maka."

Ya matso da sauri har yana tuntuɓe da turmi. Ta yayyafa ruwa. Ya tsaya yana jiran ta nuna wurin tono, sai ƙamshin ya same shi. Can ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji.

"Ɗakin uwata a gida hayaƙin itace yake yi da manja," ya ce. "Shekara shida ban shaƙa ba." Ya naɗe igiyarsa. "Ku kankare. Masu diga su jira har Litinin. Azarar nan biyu da suka yi baƙi, ku haɗa da su."

Da ya fita Abdulsalami ya zauna ya kama kai.

"Mangala ashirin aƙalla. Jakuna, da magini, da mai kwaɓa. Auren tsohuwa ya fi na budurwa tsada. Sai dai in sayar da kekena."

"Ka sayar da keke ka zo zance da ƙafa? In ji kunya a unguwa?"

Ta kwance bakin zaninta, ƙulli cikin ƙulli, ta fito da liyari guda, kuɗin azurfa irin na da, ya sha hannu har hoton kansa ya shafe. Ta ajiye masa a tafi.

"Guzurin Makka ne, shi ya rage. Kai wa maƙeran farfaru su canza maka. Tafiya aka ajiye shi dominta, to ga tafiya ta zo."

"Ashe da gaskiyar Anselm, akwai azurfa."

"A bango ya ce. Bai ce a zani ba."

Ranar Asabar mutanen Hausari suka fito kallo. An saba ganin mai tashi da gado da tukwane, ba a taɓa ganin wadda ta tashi da bango ba. Jakuna a jere, mangaloli cike da jar ƙasa, Madu da amalankensa a baya, Iya Sa'adiya a zaune bisa kaya rungume da kasko kamar amaryar da za a kai ɗaki. Magini ya yi ta mita, wai shi tunda yake bai taɓa lulluɓe sabon bulo da tsohuwar ƙasa ba. Aka sa azarar nan biyu a saman ƙofa.

Kwana tara yaɓe yana bushewa, ita tana kwana a ɗaya ɗakin. Ta ƙi leƙawa ma. Abdulsalami kuwa kullum sai ya shiga ya shinshina bangon, don magini ya ce masa ƙasar da aka sake kwaɓawa ba lalle ta riƙe abin da ta sha ba.

Rana ta goma da la'asar ta ɗauki buta ta shiga. Shi ya tsaya a bakin ƙofa. Ta zuba ruwa a tafi, ta yayyafa. Shiru, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai. Ta sake yayyafawa. Can nesa jirgi ya yi kuka, kwano yana ɗan ƙara da sanyin yamma. Sai ga tsohon ƙamshin ya taso, siriri, daga kusurwar gabas, kajiji a gaba, sandal a biye.

Ta zauna a ƙasa a hankali, ta jingina kai da bango, ta lumshe ido.

"Ya hanya?" ta ce, ba da jikanta take ba.

Abdulsalami ya yi gyaran murya.

"To Amarya, ladan miji fa? Ko ɗan tukwici?"

Ko ido ba ta buɗe ba. Ta ɗaga hannu ta nuna masa waje.

"Na sake ka, saki uku. Ja mini ƙofar, mai ɗakin ya iso."

Ya tuntsire da dariya, ya sa hularsa, ya ja musu ƙofa.