Emprimanti Mai Tanki da Gemun Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan ɗana na fari, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Na gaji da ba da labarin nan, na gaji da jin wasu suna ba da shi da ƙarin gishiri. Gara in faɗe shi da bakina, yadda ya faru, in huta.

Ni malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, lissafi nake koyarwa a Tasawa. (Na faɗi haka ne don ku san cewa mai ilimi ne ya aikata abin da za ku ji.) Matata Hadiza 'yar Mayahi ce. Mahaifinta, wanda nake ce wa Baba, ɗan kasuwar wake da gero ne, dattijo mai farin gemu tas, marar yawan magana. Bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba. Amma tun da aka ba ni 'yarsa na lura da irin kallon da yake yi mini, kallon mutumin da bai iya komai ba sai surutu a gaban allo. Sauran surukansa ɗaya makaniki ne, ɗaya yana da motar ɗaukar kaya. In wani abu ya lalace a gidan, su ake kira. Ni kuwa ko kujera na ɗauka zan gyara mata zama sai Baba ya ce, "Mushe, bari, zamna ka huta." (Mushe ake ce wa malamin lakkwal a wurinmu.) Wallahi wannan "zamna ka huta" ya fi mini zagi ciwo. Abin da nake so a duniya shi ne sau ɗaya tak dattijon nan ya dube ni ya ce, ashe yaron nan ya iya wani abu da hannunsa.

Da cikin Hadiza ya tsufa aka zo aka tafi da ita gida, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Na zauna ni kaɗai a Tasawa, ba mai yi mini magana, ba mai hana ni tunani. A nan ne dabara ta zo mini. Hotunanmu yanzu duk cikin waya suke mutuwa. A ɗauka, a yi dariya, wayar ta faɗa ruwa ko a sace ta a kasuwa, shi ke nan. Baba ma wayarsa irin mai maɓallan nan ce, hoto a cikinta kamar ƙwayar wake. Na ce to, zan sayi emprimanti, injin fitar da hoto a takarda, in kai shi wurin suna, a ɗauki mutum da safe, kafin ya tafi a miƙa masa hotonsa a hannu. Na ma hango Baba yana gyaɗa kai.

Zaɓen injin nan ya ci mini rai. Na yi makonni ina bincike a waya har idanuna suka yi ja. Na tambayi sakataren lakkwal ɗinmu, na tambayi mai fotokopi na bakin meri, wato ofishin magajin gari, kowa da nasa. Wannan ya ce in sayi mai kartush, wato wanda in tawada ta ƙare sai ka jefar da ɗan akwatin ka sayo sabo. Wancan ya ce kul, kartush ba a samunsa a Tasawa, in ma an samu ya bushe da zafi tun a butik, wato kanti. Ya ce in nemi mai tanki, wanda ake ɗura wa tawada daga kwalba. Da na gaji da shawara sai na hau mota na nufi Maraɗi.

Mai butik ɗin ya ajiye mini su biyun a kan tebur. Ya buɗe gefen mai tankin ya nuna mini 'yan tankuna huɗu a jere, baƙi, ja, shuɗi da rawaya, ana hango tawadar ta ciki.

"Patron, wanga shi ne na mai iyali," in ji shi. "In ta yi ƙasa kana gani da idonka. Ka buɗe, ka zuba da kanka, kamar yadda kake zuba ruwa a buta."

Maganar nan ta yi mini daɗi. Abin da zan zuba da kaina, ba sai na roƙi kowa ba. Na ce a ɗaure mini shi, da takardar hoto mai sheƙi. Ya ce in ƙara kwalbar baƙi ɗaya, don baƙin ya fi saurin tafiya. Na dube shi irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya zo mini da ƙarya, na ce wanda ke ciki ya isa. (Na ɗauka ciniki yake nema. Ciniki yake nema ɗin, amma kuma gaskiya ya faɗa.)

To, ku sani ba a ɓoye inji a unguwa. Kafin mako ya zagayo kowa ya ji cewa Mushe yana da emprimanti. Wannan ya zo da takardar haihuwa, wancan da takardar neman aiki, abokan aikina suka kawo tambayoyin jarrabawa na aji-aji. Babu mai son ja ko rawaya, kowa baƙi yake sha. Ni kuma ban iya cewa a'a ba, musamman in an fara da "ai kai ne ka kawo mana ci gaba". Ranar da aka bugo mini cewa Hadiza ta sauka lafiya, an samu namiji, na yi hamdala, na zauna, sannan na leƙa tankin baƙi. Ya kusa taɓa ƙasa.

Na ba wani direban Maraɗi saƙon kwalba. Ya ce gobe. Gobe ya ce ya manta. Jibi wayarsa a kashe. Haka na rungumi injin a cinya a motar Mayahi, ina tallafe da shi kada ya karkata, ina faɗa da duk wanda ya jingina da shi, kamar shi ne jaririn.

Da sassafe aka raɗa suna, aka raba goro da dabino, aka yanka rago. A al'ada uban ɗan fari ɓoyewa yake yi saboda kunya, ko sunan yaron ba ya kamawa. Ni kuwa ga ni tsakiyar jama'a da waya a hannu ina cewa, "Baba Alhaji, a ɗan matso, a ɗan ɗaga kai." Na jera Baba da abokansa dattawa a ƙarƙashin rumfa, na ɗauke su. Aka shiga da wayar cikin gida aka ɗauki mata da jariri. Sannan na shige wani ɗan ɗaki kusa da zaure inda na ajiye injin, na sake duba tankin. Lissafi dai sana'ata ce. Ko rabin hotunan baƙin nan ba zai kai ba.

Ina zaune ina zufa sai na hango limamin unguwa a zaure, yana rubuta wa mai jego rubutun sha. Ga allo a cinyarsa, ga kurtu, ga kuma wata kwalbar roba a gefensa cike da tawada, baƙa ƙirin. Na dubi kwalbarsa, na dubi tankina. Na ce a raina, ai baƙi baƙi ne.

"Allah gafarta Malam, ko za a sam mini tawada kaɗan?"

Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ɗauka rubutu zan yi. "Ma sha Allah, ashe 'yan lakkwal ba su yar da alƙalami ba. Ɗauki duka, Mushe."

Na tace ta da hankicina, na sake tacewa, don kada a ce ban yi aiki da ilimi ba. Na buɗe tankin na ɗura har wuya. Na danna. Hoton farko ya fito tangaram. Na biyu ma haka. Na buga na mata gaba ɗaya aka shiga da su, sai ga guɗa tana tashi daga cikin gida. Hadiza ta aiko a ce mini ta gode, an fita kunyarta. Na ji kaina ya yi girma. Ban san cewa ragowar tawadar kirki ce da ke cikin bututun injin take ta yi mini aiki ba. Ta liman tana baya, tana jiran layinta, kuma layinta ya zo daidai kan hoton dattawa.

Na lura injin ya fara wani irin nishi, hotunan kuma sun ɗan yi duhu, ba sa sheƙi kamar na farko. Na ce ai dattawa ne, duhun ma kwarjini zai ƙara musu. Wutar lantarkin da kullum sai ta ɗauke, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba balle ta cece ni.

Bayan la'asar baƙin nesa suka fara shirin tafiya, aka sake taruwa a rumfa don addu'ar sallama. Bazara ce, zafi kamar a bakin murhu, kowa zufa na tsiyaya. Na fito da hotunan, na durƙusa, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina miƙawa da hannu biyu. Rumfa ta kaure. Kowa yana bin takarda da yatsa yana neman kansa. "Ga ni nan!" "Kai, dubi Alhaji Idi ya rufe ido!" Baba ya riƙe nasa ya daɗe yana kallo, yana shafa shi da tafin hannu kamar mai gwada yadi. Sannan ya ɗago ya ce, "Mushe, kai ka yi wanga? Da hannunka?" Na ce, "I, Baba." Ya gyaɗa kai a hankali. Jama'a, abin da na yi shekaru ina jira ke nan, kuma na same shi. Bai kai tsawon shan kofin shayi a hannuna ba.

Liman ya ce a yi addu'a. Aka ajiye hotuna a cinya, aka ɗaga hannuwa, aka sunkuyar da kai. Ni ina tsugune a gefe, daidai inda nake hango tafin hannun Baba. Baƙi ne wuluk. Na dubi na kusa da shi, baƙi. Na bi layin da ido, kowane hannu kamar na mai sayar da gawayi. Sai a lokacin na tuna abin da duk yaron da ya taɓa riƙe allo ya sani: tawadar allo gawayi ce da ƙaro, an yi ta ne don a wanke ta. Da ta ji ruwa take tashi. Ni da na wanke allo har ban san iyaka ba ina yaro, na ɗauke ta na zuba a kan takarda mai santsi, na raba wa masu zufa.

To me zan yi? In katse liman yana tsakiyar addu'a? In ce wa surukina, a gaban abokansa, "Baba kada ka shafa"? Na fara tawa addu'ar daban, ina roƙon Allah ya tsawaita ta liman har zufar ta bushe. Liman kuwa ranar sauri yake yi. Ya ce Fatiha. Aka karanta. Aka ce amin.

Aka shafa.

Daga goshi, zuwa kumatu, zuwa gemu, har da ɗan jan gemun nan da dattawa suke yi a ƙarshe. A fuska tawadar ba ta nuna sosai ba. Amma gemu! Farin gemun Baba ya koma ratsi-ratsi, baƙi da toka-toka. Wani ya gyara farar hularsa ya bar mata yatsu biyar. Wani ya goge hannu a gaban sabuwar shaddarsa. Kowa ya tsaya yana kallon na gabansa yana tunanin shi kaɗai abin ya sama.

Alhaji Idi, abokin wasan Baba tun ƙuruciya, shi ya fara magana. "Alhaji, yaushe ka rina gemu ba mu sani ba? Jika aka yi maka, ba aure za a yi maka ba."

Baba ya dube shi ya ce, "Kai hwa? Dubi naka."

Sai rumfa ta fashe. Dattawa suna nuna juna suna dariya har da hawaye, suna share hawayen da hannun nan dai, abin yana ƙaruwa. Liman ya dubi yatsunsa, ya sansana, ya juyo ya dube ni. Ya rufa mini asiri, Allah ya saka masa. Mata suka leƙo ta katanga. Ni dai ina nan tsugune, na rasa inda zan sa idona, na ji da ma ban zo duniya da wayo ba.

Baba bai yi dariya ba. Ya ɗauki hotonsa daga cinya ya duba. Inda fuskarsa take babu komai sai wani dabbare. Ya ce, "To, Mushe. Huskar da ka sa a takarda ta komo wurin mai ita." Ya sa a kawo buta da sabulu. Ni na riƙe butar, ina zuba wa dattawa ruwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya wanke ya ce mini "sannu da aiki".

Hadiza ta yi kwanaki ba ta ɗauki wayata ba. Injin kuwa ƙaron nan ya daskare masa a ciki tun kafin mu iso Tasawa. Na kai shi wurin gyara a Maraɗi, mai gyaran ya tambaye ni abin da na zuba, na ce ban sani ba, yara ne. (Ɗana a lokacin ko wuyansa bai tsaya ba.)

In kuna neman shawara, mai tankin ya fi, har gobe ina kan bakana. Amma ku sayi kwalbar baƙi ta ajiya, kuma in basira ta zo muku a gidan surukai, ku yi mata a'uzubillahi. Baba ya yafe mini, bai sake ta da zancen ba ko sau ɗaya. Sai dai har yau in na je gaishe shi na miƙa masa goro, yakan karɓa, ya sa mini albarka, sannan a hankali, yana zaton ban gani ba, ya juya tafin hannunsa ya duba.