Ranar da Kada Ya Kama Ni a Kaduna

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so (kuma Allah ya sani na so), da ranar da ni kaɗai na tarwatsa gasar bayin Allah a Kaduna, ba da sanda ba, da baki kawai.

Ni malamin makaranta ne a Ƙaura Namoda. A lokacin na haura arba'in, tumbina kuwa shi ke fara shiga aji kafin ni in iso. Wata rana kaina ya dame ni da ciwo na je asibiti, likita ya auna ni, ya sake aunawa, sannan ya ce, "Malam, jininka ya hau. Ko dai ka fara motsa jikin nan, ko wata safiya ya ƙi motsawa." Maganar ta shige ni. Na kakkaɓe tsohon kekena mai kariya da ƙararrawa, kullum bayan Asuba in hau titin Shinkafi, in ɗan taɓa in juyo, don hanyar ba ta nisan kiwo ba ce a zamanin nan. Daga keke na ƙara da sassarfa. Kafin damina ta ƙare riguna sun fara yi mini yawa, mutane na cewa na koma saurayi. To a nan girman kai ya samu ƙofa.

Sai ga sanarwa a waya, wai wasu masu sha'awar motsa jiki a Kaduna sun shirya gasa ta waɗanda ba sana'arsu ba ce. Abu uku ne a jere ba hutu: a yi iyo a ruwa, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu. Sai da na ba da sunana sannan na gaya wa uwargida.

Ta ajiye muciya ta dube ni. "Malam, keken na gani, gudun ma na gani. Iyon a ina ka koya?"

"A gulbin Gagare mana, tun muna yara."

(Ban yi ƙarya ba. Sai dai da rani muke shiga, lokacin da ruwan bai wuce cibiya ba.)

Wanda ya ɗauki nauyin gyara mini iyo shi ne Lawali, ɗan kawuna da ke Zurmi, manomi kuma mai sayar da hatsi. Taubashina ne, don haka tun muna yara ba ya kirana da suna sai "bawana," kuma babu abin da ke faranta masa rai kamar ya ga na kwafsa. Shi kansa bai iya iyo ba, amma ya san wani tafki kusa da gonarsu ta wajen Dauran, inda shanu ke shan ruwa bayan damina. Nan nake zuwa ranar Asabar. Shi yana zaune a inuwa yana ba da umarni, ni ina ciki ina dukan ruwa ina kurɓa. Har wani dattijo makiyayi ya taɓa tsayawa ya daɗe yana kallona, sannan ya tambayi Lawali a hankali ko magani aka ba ni aka ce sai da ruwan tafki zan haɗiye. Duk da haka, sannu a hankali na iya ƙetare tafkin da irin iyon da kare ke yi, kai a sama, hannuwa na tono.

Sai batun sutura. Na ga hotunan masu irin wannan gasa da kayansu masu manne wa jiki, na ce ba da ni ba, ni mai ɗalibai. Na sa telana ya ɗinka mini wando mai kauri da ya sauka ƙasan gwiwa. Shi kuwa bai sake auna ni ba, ya yi aiki da awon Sallar bara, na zamanin tumbi. Wandon ya fito kamar buhu. Amma da na ja zariya na ɗaure, ya zauna daram, na ce ba komai.

Ranar tafiya sai ga Lawali a tasha da jakarsa. "Ba ni barin bawana shi tahi shi ɗai," in ji shi, yana ɗaga wayarsa. "In ka ci in ɗauka, in ka nutse in ɗauka. Mutanen gida na jira."

Aka ɗaure keken a saman mota bisa buhunan wake. Muka wuce Gusau, muka wuce Funtuwa, mun kusa Zariya sai muka ji ƙwaram a sama. Igiya ta tsinke, ƙafar keken ta baya na lilo a jikin gilashi. Direba ya ce ba shi da wata igiyar, fasinjoji suka fara tsaki, don ba mai son tsayuwa a daji. Ni kuma da saurin dabara na buɗe jaka, na zare zariyar sabon wandona na miƙa, aka ɗaure keke muka wuce. (Eh, a kusa da Zariya na cire zariya. Kada ku wahalar da kanku, Lawali ya riga ku, kuma bai daina maimaitawa ba har muka isa.)

Da wannan ya ishe shi sai ya canza waƙa. "Bawana, halan ka san daga ina sunan Kaduna ya hito?"

"Na sani."

"To hwaɗi mu ji, kai ne malami."

Bai ma jira amsata ba. Ya juya ga sauran fasinjoji ya yi musu bayani dalla-dalla, cewa kadoji ne suka yi yawa a ruwan garin, kuma ga wani bawan Allah nan da ƙafarsa zai je ya kai musu kansa. Mota ta ɗauki dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta samu wuri a cikina ta kwanta.

A tashar Kaduna mai sauke kaya bai tsaya kwance ƙulli ba, wuƙa ya sa ya yanke duka. Ban ma lura ba. Sai da safe, a bakin dam ɗin da za a yi gasar, ina sa wando na ji ƙugu ba abin ja. Lokaci ya ƙure, ana ta kira da lasifika. Sai na naɗe bakin wandon na soke shi kamar yadda mata ke soke zani, na yi tsalle na ga bai faɗi ba, na ce Allah ya rufa asiri.

Wurin ya cika. Maza da mata, matasa da masu furfura, ga kekuna sirara kamar a hura su tashi, ga nawa a tsakiyarsu da kariya da ƙararrawa. Wata Hajiya mai kazar-kazar ita ce shugabar shirin. Ta nuna mana wata jar robar da ke yawo can cikin ruwa, ta ce a kewayo ta a dawo, ga masu kwalekwale nan ko wani zai gaji. Aka busa usur.

Farkon abin lafiya lau. Kowa ya wuce ni, wannan ban damu ba, ina tono a hankali ina salati. Sai da na yi nisa, ƙasa ta ɓace a ƙarƙashina, ruwan ya yi sanyi ya yi duhu, sannan na ji wani abu ya taɓa mini gwiwa. Na shure. Abin ya sauka ya kama idon sawuna, duka biyun, ya haɗe su. Na sake shurewa, ya ƙara matsewa, yana ja na ƙasa, mai nauyi, mai santsi. Na kurɓi ruwa na ɗago. Babu abin da ya zo mini sai fuskar Lawali a mota.

"Kada!" na kurma ihu. "Kada! Ya kama ni! Wayyo Allah, kada!"

Kuma don kada a bar kowa a baya, sai na maimaita da Turanci. (Malami dai malami ne. Ko a bakin mutuwa sai ya tabbatar 'yan bayan aji sun gane.)

Jama'a, ban taɓa ganin ruwa ya watse kamar kasuwa ba sai ranar. Waɗanda suka kusa jar robar suka juyo, waɗanda ke dawowa suka ƙara mai. Wani mai faɗin ƙirji da ya wuce ni ɗazu yana taƙama, ta kan wani ya bi. Masu kallo a gaɓa suka ja da baya da gudu, ana salati, ana kiran sunayen 'yan'uwa, usur na ta tashi ba kai ba gindi.

Wani mai kwalekwale ne ya yi ta maza ya nufo ni, filafili a ɗage zai doki abin da ya gani. Ya jefo mini robar ceto na rungume. "Ina yake? Ta ina ya kama ka?"

"Ƙafa! Ƙafafuna!"

Da na samu abin riƙewa numfashi ya dawo, hankali ma ya biyo shi. Na lura ba na jin zafi. Kada kuwa ai da haƙora aka san shi. Na sa hannu ɗaya a hankali na laluba ƙasa. Na taɓo yadi. Na taɓo aljihu. Na shafa ƙuguna, na ji ba kowa a wurin sai wani tsohon ɗan kamfai da bai cancanci ganin rana ba.

Wandona ne. Ya zame ya naɗe mini ƙafafu.

Farin cikin da na ji a wannan lokacin ba ya faɗuwa. Zan koma gida da ƙafafuna biyu, zan ga 'ya'yana. Amma bai daɗe ba, don mai kwalekwale ya riga ya kama hannuna yana ja. "Hawo, Baba, hawo da sauri!"

"Dakata," na ce.

"In dakata? Kada fa!"

"Ɗan'uwa, don girman Allah matso da kunnenka."

Ya sunkuyo na raɗa masa. Ya dube ni, ya leƙa ruwan, ya sake dubana. Sai ya ajiye filafili ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa na rawa, har kwalekwalen na neman kifewa. Da ya samu kansa ya yanko mini guntun igiya daga jikin jirgin, ya juya mini baya ya kare ni daga gaɓa, na yi ta kokawa a cikin ruwa har na mayar da kadan mazauninsa na ɗaure.

Muna isowa gaɓa na hango Lawali. Yana tsaye cikin ruwa har ƙirji, da rigarsa da hularsa, riƙe da wani reshen itace, mutum biyu na riƙe da shi ta baya. Mutumin da bai iya iyo ba. Idanunsa jajur, yana ta kiran sunana, sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun muna yara.

Ya rungume ni yana lalubar ƙafafuna. "Ina ciwon? Mi ya same ka?"

Na gaya masa. Ya sake ni. Ya sa hannu a aljihu ya zaro wayarsa, ruwa na zuba daga cikinta. Duk abin da ya ɗauka tun safe ya tafi. Allah ya gafarta mini, wannan ne farin cikina na biyu a ranar.

Hajiya shugaba ta zo da ma'aikatan jinya, mai kwalekwale ya yi mata bayani a gefe. Na ga ta cije leɓe ta kalli sama. Sannan ta ɗauki lasifika ta ce a kwantar da hankali, babu kada, wani ɗan'uwanmu ne ya samu matsala da kayansa, za a sake farawa. Matar nan ta yi iya ƙoƙarinta ta rufa mini asiri. Sai dai ni kaɗai ne a wurin ke tsaye da igiyar jirgi a ƙugu.

Na ce wa Lawali ya ɗauko keke mu sulale. Ya riƙe mini hannu gam. "Wallahi ba ka isa ba. Na kashe wayata, na yi kuka gaban mutane, kuma ka ce mu tahi? Koma cikin ruwan nan, bawana."

Na koma. Kafin a busa usur na ɗaga hannu na ba jama'a haƙuri, wasu suka yi dariya, wasu suka harare ni (mai faɗin ƙirjin nan bai yafe ba har yau, na tabbata). Na kewayo jar robar, mai kwalekwale na biye da ni yana tambayar lafiyar wando. Na hau keke, duk wanda ya wuce ni in kaɗa masa ƙararrawa. Gudun kuwa rabinsa tafiya ce. Ni ne na ƙarshe, har an fara naɗe rumfuna. Amma da na ɓullo kwanar ƙarshe sai na ji mutane sun ɗauka gaba ɗaya, suna tafi: "Kada! Kada! Kada!" Da wannan kirarin na tsallake layi, Hajiya ta rataya mini lambar da ake ba duk wanda ya gama, na zube a ciyawa ina haki ina godiya ga Allah.

Waya ta mutu, amma bakin Lawali da ransa. Da wayar aro, kafin mu iso Gusau labari ya isa Zurmi ya zagayo Ƙaura, har kadan ya yi tsawon mota. Ranar Litinin na shiga aji na tarar an zana shi a allo, sanye da wando.

Ban goge ba, na yi darasina a gefensa. Ni dai abin da na ƙaru da shi ɗaya ne: yanzu duk abin da ya kama ni, a ruwa ko a tudu, sai na sa hannu na shafa tukuna kafin in sanar da duniya sunansa. Kuma idan har ihun ya zama dole, harshe ɗaya ya isa.