Yadda Za Ka Jera Ƙauyuka Uku a Sahu Ɗaya Ba Tare da Ka Iya Kwamfuta Ba

Kai da ƙungiyar manoma ta ɗauka aikin kwamfuta don kawai an gan ka da tabarau, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sai an kira ka Injiniya daga Rano har Kibiya.

Ga halin da kake ciki. Rumbun bayanan ƙungiya yana jero ƙauyuka daga sama zuwa ƙasa: Dawaki, Fassi, Lausu. Alhaji Shitu na Lausu, mai injin sussukar da kowa ke ara, ya rantse in ya sake ganin garinsu a ƙarƙashin wani gari, zai janye injinsa. Shugabar ƙungiya, Hajiya Bara'atu, ta ce ka juya jadawalin: ƙauyuka su hau sama su jeru kafaɗa da kafaɗa, gero da dawa da gyaɗa su gangaro ta gefe. In injin ya tafi, aikinka ya bi shi.

1. Kada ka ce ba ka iya ba

Ja dogon numfashi, ka ce, "Hajiya, wannan ai fibot ne." Ba ta san shi ba, kai ma haka, kun yi canjaras ke nan. Mai ilimi na gaskiya shi ne wanda ba a fahimtarsa.

2. Kwantar da allon kwamfutar a gefensa

Shi ke nan, na tsaye ya koma kwance, na kwance ya miƙe. In Hajiya ta karkata kai ta ce, "Ɗan nan, wuyana kake son karyawa?" ka ce haka ake yayi yanzu a Kano. Ba za ta yarda ba, amma ka ci yini guda.

3. Ɗora wa wuta laifi

In an kawo wuta, ɗora wa sabis. In duka biyun suna nan, to ka yi rashin sa'a, sai ka tafi alwala.

4. Yi aikin, tunda ba makawa

Rumbun nan jaki ne, ba ya juyawa don kansa. Rubuta masa umarni dalla-dalla: tara buhuna bisa nau'in amfanin gona, in na Lausu ne zuba a wannan gurbi, in na Fassi ne a wancan. Kowane ƙauye sai ka kira sunansa da hannunka. Wanda ka manta zai ɓace ɓat, kuma munafukar na'urar ba za ta ce maka uffan ba. Abin da ya fi ba ni haushi da ita ke nan.

5. Nuna wayo

Sa Lausu a gurbin farko, can hagu, Dawaki a ƙarshe. Buga a takarda, ka sa sabuwar hula, ka tafi taro kana taku ɗai-ɗai.

6. Miƙa wa Alhaji da hannu biyu

Alhaji Shitu karatun allo ya yi, daga dama yake farawa. Zai ɗora yatsa ya ce, "Dawaki." Ya matsa. "Fassi." Sai ya naɗe takardar a hankali, ya dubi shugaba.

"Hajiya, da a ƙasa muke. Yanzu kuma mun zama wutsiya?"

Kada ka yi bayani. In ka mayar da Lausu dama, 'yan bokon garinsu za su fara daga hagu. In ka sa ta a tsakiya, za a ce an matse su. Kai dai tsaya ka kalli Alhaji yana kiran direbansa ya zo da igiya a ɗaure injin.

Gargaɗi

Mai wannan shawara ba ruwansa da abin da ya biyo baya, shi ko gona ba shi da ita. In Hajiya ta karɓe makullin ofis ta miƙo maka taɓarya, ta nuna maka damman geron ƙauyuka uku, ni ban taɓa ganinka ba. Ka fara daga hagu ko daga dama, duk wanda ya yi maka.