Ranar da Na Sha Mai da Makarar Unguwa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunanina kaf, da ranar da rabin mutanen Katsina suka biyo bayan motata suna salati. (Matata ta ce ba su fi cikin masallacin unguwa ba. Ita ba ta je wurin ba, ni na ga idanunsu.)

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, farar hula ta karɓi mulki. A majalisarmu ta Ƙofar Guga babu wanda ya kai ni murna, ko in ce babu wanda ya kai ni baki. Na sha gaya musu cewa daga yanzu fetur zai koma kamar ruwan rijiya, har mata su riƙa wanke-wanke da shi. Hujjata ɗaya ce: lokacin siyasa na yi wa wani attajiri hidima, wanda ake ce wa Alhaji Mai Tanka. Hidimar kuwa ita ce jigilar kujeru da lasifika a tsohuwar akori-kurata, daga wannan taro zuwa wancan. Sau ɗaya tak ya dafa kafaɗata ya ce "mutumina". Na ɗauki kalmar nan na yi ta yawo da ita a gari, tana ƙiba, har ta kai a bakina tare muka yi makarantar allo da shi.

Sai ga wahalar mai ta dawo, ta ma fi ta da rashin kunya. Layi ya miƙe har ka rasa na wane gidan mai ne. Mutum ya bar motarsa a layi, ya je gida ya ci tuwo, ya dawo ya tura ta da hannu taku kaɗan, ya ce yau an ci gaba. Rediyo kullum zance ɗaya: ana gyaran matatun mai, an ba da kwangila, saura kaɗan. Gyaran nan tun ina da gashi a ka ake yinsa. Man da ake haƙowa a ƙasarmu sai an kai shi waje an tace, sannan wasu mutane da ba su cika tabarma ɗaya ba su shigo mana da shi, su ne masu izini, su ne masu cewa wane ya samu wane ya haƙura. Akwai wani bawan Allah mai ƙaramin gidan mai a hanyar Batagarawa da ya nace sai ya sayar a farashin gwamnati. Aka daina ba shi ko ɗigo, har awaki suka mai da gindin famfunansa wurin hutu. 'Yan bunburutu kuwa ga su jere a bakin titi da galan-galan, farashin sai ka sami wuri ka zauna kafin a faɗa maka, kuma rabin abin kananzir ne.

Ana cikin haka matar maƙwabcina Malam Sada tela ta kwanta. Hajara sunanta. Wani ƙari ne a cikinta, likitocin gari suka ce sai Kano, a yi mata aiki, kuma kada a ɓata lokaci. Ba ta iya zama, sai a kwance, balle a cusa ta a motar haya, in ma an sami motar. Malam Sada ya same ni a ƙofar gida.

"Maƙwabci, ka ga halin da ake ciki. Ina tunanin in saida keken ɗinki in sai na bunburutu. Amma na ce bari in ji, ko za ka yi ma mutumin nan naka magana."

Mai hankali cewa zai yi, sayar da keken, Allah ya mai da wani. Ni kuwa ƙirji na buga.

"Malam Sada, keke dai? Je ka nemo katifar da za a shimfiɗa a bayan mota. Man Kano har wani abu ne? Ko Makka kake so mu tafi."

Na saka babbar rigata na tafi gidan Alhaji. Aka nuna mini benci. Na zauna tun hantsi har bencin ya san ni. A bayan gidan tankoki ne a jere, direbobi na ɗaure kaya, kowa ya san ba cikin gari za su ba, hanyar Jibiya za su ɗauka su tsallaka iyaka inda man ya fi tsada. Da Alhaji ya fito da muƙarrabansa, na zube.

"Ranka ya daɗe, mutuminka ne. Mai lasifika."

"Wace lasifika?"

Na yi masa bayanin lasifika, na yi masa bayanin Hajara. Ya saurara yana duba agogo.

"Allah ya ba ta lafiya. Amma ka san man nan ba nawa ba ne, na manya ne, ni ma ɗan aike nake. Ka dawo jibi mu gani."

Don kada in tashi baki a bushe, sai na ce, "Allah dai ya sa a gama gyaran matatun nan kowa ya huta, ranka ya daɗe."

Ya kalle ni kamar na yi masa mugun fata. Sai ya yi murmushi. "Kai ko, in sun gyaru mu ci mi?"

Muƙarrabai suka fashe da dariya. Ni ma na yi. (Na ma fi su, har da buga cinya. Allah ya yafe mini.)

Na dawo na ce wa Malam Sada an yi alkawari. Jibi ta zo, aka ce Alhaji ya yi tafiya. Na ce wa Malam Sada saura kaɗan, wato na zama rediyo. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma nishin Hajara yana tsallako ta. Ina cin abinci ina jinsa.

Rannan da safe wani dattijo ya rasu a unguwa. Motata ce ke kai gawa in aka yi rasuwa, don maƙabartar da nisa. Aka tatso ɗan mai daga babura aka zuba mata, muka kai shi muka rufe. Jama'a suka watse, ni kuma na ɗauko makara zan mai da ita masallaci. An naɗe tabarmar an sa a ciki, an lulluɓa mayafin a kai, na ɗaure kada iska ta kwashe. Duk wanda ya san makara ya san naɗaɗɗiyar tabarma a ƙarƙashin mayafi ba ta da maraba da ramammen tsoho.

Hanyata ta biyo ta wani babban gidan mai, kuma ashe tanka ta sauke. Titi ya toshe, ana ihu, ana zage-zage, ɗan sanda na zuba bulala. Wallahi wucewa kawai na so in yi. Na danna oda. Wani ya leƙa bayan motar, sai na ji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Na kusa da shi ya karɓa, na gaba ya karɓa, hayaniya ta fara kwantawa. A daidai nan motata ta yi tari, ta shaƙe, ta mutu.

"Mai ya ƙare ma gawa," in ji wani. "Jama'a, a tura."

Mutanen da yanzun nan suke shaƙe wuyan juna suka haɗa hannu a bayan motata. Masu babura suka janye. Ɗan sandan da kansa ya shiga gaba yana buɗe hanya. Kafin in haɗiye miyau, ga ni a gindin famfo.

Na buɗe baki zan yi magana, wannan kam na buɗe. Sai na tuna nishin nan na bayan katanga. Kuma tunda yau gaskiya nake faɗa, na tuna yadda zan shiga majalisa in ce Alhaji ya cika alkawari. Na rufe bakina. Na sunkuyar da kai. Har na sa gefen riga na share ido. (Wannan ƙari ne daga gare ni, babu wanda ya nema.)

"Na nawa za a zuba, Malam?" in ji mai zuba man.

"Cika ta."

Ya ɗan dube ni, don maƙabartar ba wata uwa duniya ba ce, amma ya cika.

Da a nan abin ya tsaya, da yau labarin wayo nake ba ku. Sai wani dattijo ya matso. Mai injin niƙa ne daga ƙauye, kamar yadda na ji daga baya, ya yi kwanaki yana gadin jarkarsa a layi, kuma ta kusa kaiwa gaba.

"Sannu, Malam. Allah ya jiƙan musulmi. Wa ya rasu?"

Duk amsoshin duniya, wadda ta zo bakina ita ce, "Baƙo ne, Baba. Ba shi da kowa a garin nan."

Dattijon ya dafe kai. "Baƙo? Kai ɗaya za ka kai shi? Subhanallahi." Ya juya ya ɗaga murya. "Jama'a, gawar baƙo ce, ba mai rakiya. Wanga ai nauyinmu ne duka."

Ya bar jarkarsa ya haye bayan mota. Wasu suka bi shi. Masu acaɓa suka bar layi suna tura babura da hannu. Wani mai babbar riga ya kulle motarsa ya biyo a ƙasa. A garinmu ba a ganin gawa babu jama'a a ɗauke kai, ko me ake jira.

To, ina zan nufa? Motar gawa ba ta gudu, balle ga mutane maƙale a jikinta. In na yi unguwa, kowa ya san ɗazu muka rufe dattijonmu. Sai na juya na kama hanyar maƙabarta, ina tafiya kamar kunkuru, ina fata ko za su gaji su ragu. Duk sanda na kalli madubi sai in ga sun ƙaru. Masu shaguna na fitowa suna shiga. Na roƙi Allah taya ta fashe, na roƙa injin ya kama da wuta. Motar da kullum take ba ni kunya, ranar ko tari ba ta ƙara ba.

Muka isa ƙofar maƙabarta. Ƙarti suka yi rububin hannayen makara, kowa na neman lada. Suka gyara tsayuwa, suka ce bismillah, suka sunkuta da ƙarfin ɗaukar mutum. Makara ta yi sama har ta wuce kawunansu. Ɗaya ya yi taga-taga ya zauna a ƙasa. Mayafi ya zame, tabarma ta gangaro ta faɗo, ta warware kanta a gaban jama'a, a hankali, har ƙarshe.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, kuma a maƙabarta muke.

Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba tun da aka yaye ni, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai ɗazu akwai shi."

Wani ya cakumi wuyan rigata. Wani ya ce a samo tiyo a zuƙe man. Na fara ba su labarin Hajara, ga shi gaskiya nake faɗa amma ni kaina ina jin ta kamar ƙarya.

"Ku sake shi," in ji dattijon. "In da gaske yake, kada mu kashe 'yar mutane. In ƙarya yake, ga inda za a kawo shi nan, ya ma ga hanya." Ya juyo gare ni. "Da ka ce mara lafiya gare ka, ai da mun tura ka."

"Da ba mu tura ba, Baba," in ji wani ɗan acaɓa. "Wa ye ba shi da mara lafiya?"

Suka juya suka tafi. Na ji daga baya cewa da suka koma an ja ƙofar gidan man, wai man ya ƙare, kuma kafin la'asar ga shi a galan a bakin titi. Jarkar dattijon ma ba a gan ta ba.

Ranar muka ɗauki Hajara. Man da na sha irin wanda ake shigowa da shi ne mai ɗoyi, sai mun tsaya an busa kafireta sannan mu ci gaba, ita kuma tana kwance a baya rana na dukanta, Malam Sada na kare ta da zane. Likitocin Kano suka duba suka ce an yi jinkiri da yawa. Ba su san dalilin jinkirin ba. Ni na sani, don ina tsaye a wurin. Ba a ma kai ga yin aikin ba ta cika.

A motar muka dawo da ita. Kafin nan labarina ya gama gari. Aka yi mata sutura, aka sallace ta, muka nufi maƙabarta. A ƙofa, ana shirin saukewa, wani daga cikin waɗanda suka biyo mu a hanya ya ga motar, ya gan ni, sai ya miƙa hannu ya ɗaga gefen mayafin zai leƙa. Malam Sada ya riƙe hannunsa.

"Tana ciki, Malam," in ji shi. "Saki."

Bai kalle ni ba. Har yau bai taɓa yi mini maganar ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Alhaji Mai Tanka ya ƙara tankoki, matatu kuma ana nan ana gyara. Ni dai abin da na koya shi ne, a ƙasar nan sai ka mutu ake buɗe maka layi, kuma sau ɗaya ake yi wa kowa. Nawa na riga na cinye tun ina raye. Ranar da aka ɗauko ni, na san sai an ɗaga mayafi an tabbatar, kuma ba zan ga laifin kowa ba.